Daga Kwarin Rima Zuwa Zanzibar: Rayuwar Ɗan Sa-kai da Sha'anin Ruwa

Gabatarwa

A shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, Gwamnatin Tarayya ta kafa wani shiri na aika ƙwararrun 'yan Nijeriya zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karebiyan da tsibiran Tekun Pasifik, domin su yi aikin sa-kai na tsawon shekara biyu. Wannan shiri shi ne aka fi sani da TAC, kuma doka mai lamba 27 ta 1993 ita ce ta ba shi gindin zama. Kafin kafa shi, yawancin taimakon da Nijeriya ke bai wa ƙasashe 'yan uwa na tsabar kuɗi ne, su kuwa kuɗi sukan shige kamar ruwa a rairayi, ba a ga sawunsu ba. Saboda haka aka ga ya fi kyau a aika mutum da iliminsa: malamin makaranta, ko likita, ko ma'aikaciyar jinya, ko injiniya. Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓi baƙo kuma ita ke ba shi masauki.

Irin wannan aiki ba a kanmu aka fara shi ba. Ingila ta soma nata a 1958, Amurka ta biyo baya a 1961, kuma Tanganyika tana cikin ƙasashen da matasan Amurka suka fara sauka a wannan shekara. Abin da ya bambanta shirin Nijeriya shi ne baƙar fata ne ke zuwa wurin ɗan uwansa baƙar fata. Daga cikin wuraren da suka sha karɓar malaman kimiyya da lissafi daga Nijeriya akwai Zanzibar, watau tsibiran Unguja da Pemba da ke Tekun Indiya, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a watan Afrilu na 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1 da dubu 900, kuma kusan dukkansu Musulmi ne masu magana da harshen Swahili.

Wannan maƙala za ta ɗauki misalin malamin kimiyya wanda ya tashi a Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, aka tura shi Zanzibar. Za mu duba abin da zai tarar a zamansa na yau da kullum, da kuma wane ɓangare na sanin da ya taso da shi a bakin gulbin Rima zai amfane shi, wane ne kuma zai iya yaudararsa.

Harshe: ɗan uwa ta wajen Larabci

Ranar farko da Bahaushe ya shiga kasuwar Darajani a birnin Zanzibar, zai ji kamar ya san harshen alhali bai san shi ba. Zai ji mai kifi yana cewa ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, ya gane ashirin da talatin da arba'in da hamsin ake nufi. Sabuni sabulu ne, sukari sukari ne, dunia duniya ce, karafuu kuwa shi ne kanumfarin da matanmu ke sa wa a kunu da yaji, wanda tsibirin Pemba ya yi suna wajen nomansa tun ƙarni na 19. Dalili shi ne harsunan biyu duk sun sha daga Larabci, Hausa ta hanyar Sahara, Swahili ta hanyar teku.

Akwai wani abin lura a nan wanda ɗalibin harshe zai ji daɗinsa. Hausa ta ari kalmomi da yawa tare da "al" ɗin da ke gabansu, Swahili kuwa ta yar da shi. Shi ya sa muke cewa littafi su ce kitabu, mu ce labari su ce habari, mu ce lokaci su ce wakati, mu ce alƙalami su ce kalamu. Wanda ya gane wannan sirri ya sami kalmomi masu yawa kyauta.

Sai dai zumuncin a fatar baki ya tsaya. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, Swahili kuwa harshen Bantu ne, kuma ƙashin bayansu ya sha bamban. Swahili ba ta raba namiji da mace: kalmar yeye ita ce "shi", ita ce kuma "ita". A maimakon jinsi, tana kasa sunaye rukuni-rukuni, jam'i kuma a farkon kalma yake fitowa: mtu mutum, watu mutane, kitabu littafi, vitabu littattafai. Ga kuma kalmomi masu kama da namu da za su iya kunyata baƙo. Gari a wurinsu mota ce. Kaka shi ne wa, watau babban ɗan uwa namiji. Kuku kaza ce, ba mai dafa abinci ba.

Ta fuskar ladabi kuwa, ɗan Sakkwato ba zai sha wuya ba, domin su ma mutane ne masu doguwar gaisuwa. Yaro kan gai da babba da shikamoo, babba ya amsa da marahaba, wadda asalinta ɗaya da "maraba" tamu. Mai shiga gida ya ce hodi, a ce masa karibu. Kalmar pole tana yin duk aikin da "sannu" ke yi ga majinyaci da wanda ya gaji da wanda aka yi wa rasuwa. Malami kuwa, mwalimu, yana da daraja ƙwarai, ta yadda shugaban Tanzaniya na farko, Julius Nyerere, da wannan laƙabi aka san shi har ya bar duniya a 1999.

Agogo da alƙibla

Abin da ya fi rikita sabon zuwa shi ne lokaci. Idan shugaban makaranta ya ce a hallara da saa mbili, watau "ƙarfe biyu", ƙarfe 8 na safe yake nufi. Waswahili suna fara ƙidayar awoyin yini daga ƙarfe 6 na safe, saboda haka ƙarfe 7 shi ne awa ta ɗaya, tsakar rana awa ta shida, faɗuwar rana awa ta goma sha biyu, sannan a sake sabon lissafi na dare. Dabarar da baƙo zai riƙe ita ce ya dubi lambar da ke daura da ƙaramin hannun agogo a ɗaya gefen.

Wannan al'ada tana da tushe a ilimin sararin samaniya. Zanzibar tana kimanin digiri 6 ne kudu da Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, Goronyo kuwa tana digiri 13 da 'yan kai a arewa da shi. Gwargwadon kusancin wuri da wannan layi, gwargwadon daidaituwar darensa da yininsa. A Goronyo, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ya kai kimanin awa ɗaya da rabi; a Zanzibar bai kai minti 45 ba. Inda rana ke fitowa kusan lokaci guda kullum, ba abin mamaki ba ne a mai da fitowarta mafarin lissafi. Haka kuma yini mafi tsawo a can a watan Disamba yake faɗowa, lokacin da muke cikin hunturu.

Ranakun mako ma suna da tarkonsu. Mu Lahadi ce ta ɗaya, bisa lissafin Larabawa, shi ya sa Talata take ta uku. Su daga Asabar suke farawa, Jumamosi, don haka Jumatatu, "rana ta uku", Litinin ce. Laraba ita ce Jumatano, ta biyar, sai kuma Alhamisi ta biyo ta, wadda ita ma a Larabci ta biyar take nufi. Mako guda ke nan mai ranar biyar har biyu.

Ga Bahaushe, "fuskantar gabas" da "fuskantar alƙibla" magana ɗaya ce. A Zanzibar wanda ya fuskanci gabas ya fuskanci teku da ƙasar Indunusiya. Makka tana kusan kan layi ɗaya da tsibiran daga kudu zuwa arewa, saboda haka masallatansu arewa suke kallo. Malamin labarin ƙasa da ke da ƙwallon taswirar duniya da ɗan zare zai iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin minti biyar.

Damina biyu a shekara

Manomin kwarin Rima ya san damina ɗaya, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Tsofaffi suna bin ta da lissafin taurari, su ce yau Zira'a ta kama, gobe Nasara, jibi Ɗarfa. Waswahili ma suna duban sama: taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta su suna ce musu kilimia, daga kalmar da ke nufin noma. Amma kalandarsu dabam ce. Babbar damina, masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu. Ƙaramar, vuli, daga Oktoba zuwa Disamba. Ruwan shekara a birnin Zanzibar ya haura milimita 1,500, Pemba kuma ta fi haka. Watan Afrilu kaɗai yakan zubar da kimanin rabin abin da Goronyo ke samu a shekara cur.

Me ya kawo haka? Akwai wani ɗamarar gizagizai da ke kewaye da duniya a inda iskar arewa da ta kudu suke haɗuwa, iska mai ɗumi ta tashi sama ta zama hadari. Wannan ɗamara tana bin rana, ta hau arewa a tsakiyar shekara, ta gangara kudu a ƙarshenta. Goronyo tana kusa da iyakar tafiyarta ta arewa, don haka zuwanta da komawarta suka haɗe suka zama damina ɗaya. Zanzibar kuwa a kan hanya take, ana ratsa ta a tafiya, a sake ratsa ta a dawowa. Tsakanin daminun akwai iskoki biyu masu suna. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, kusi kuma daga kudu daga Afrilu zuwa Satumba ko Oktoba. Da kaskazi jiragen ruwa masu filafilai suke zuwa daga Oman da Indiya, da kusi suke komawa, ɗaruruwan shekaru. Ta wannan hanya kalmomin Larabcin da muka ambata suka iso.

A zaman gida, bambancin yana bayyana ta fuskar laima. A Goronyo ana shanya shinkafa da tafarnuwa su bushe ƙarau, a jera albasa a rumbu ta yi watanni. A Zanzibar lokacin masika tufafi kan kwana biyu a igiya ba su bushe ba, takalmi da littafi su yi funfuna, allin rubutu ya yi laushi, har gilashin madubin ɗakin gwaje-gwaje yakan lalace idan ba a adana shi cikin akwati mai abin tsotse laima ba. Malamin da ya zo da shawarar ajiyar amfanin gona irin ta gida zai ga ta ruɓe a hannunsa.

Abinci ba zai zame masa matsala ba. Ugali tuwon masara ne mai tauri, wali dafaffiyar shinkafa ce, galibi da madarar kwakwa, ga rogo da ayaba da kifin teku a madadin tarwaɗa da ƙarfasa. Zirga-zirga a daladala ake yi, motocin haya masu cika maƙil kamar na ranar kasuwar Acida. Wutar lantarki ta Unguja daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wata waya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma da ta lalace a Disamban 2009 tsibirin ya yi kimanin wata uku a duhu, injinan tura ruwa suka tsaya, aka shiga wahalar ruwan sha.

Rijiya a bakin teku

Duk wanda ya tashi a Goronyo ya san ruwa abu ne da ake tarewa. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne domin ta riƙe kubik mita miliyan 942 na ruwan gulbin Rima, don noman rani da kuma shayar da birnin Sakkwato. Mutanen yankin sun ga fuskokinta biyu: ambaliyar Satumban 2010 da ta cinye gidaje da gonaki, da kuma ƙarancin 2018 lokacin da ruwan ya ja baya ƙwarai har hankalin hukumomi ya tashi. A fadama kuwa, tun shirin bunƙasa fadama na shekarun 1990, manomi ya saba ya kafa bututu a ƙasa, ya ɗaura ɗan injin, ruwa ya fito. In ya ragu a ƙara zurfi ko a ƙara inji.

Wannan dabara ita ce mafi haɗari da baƙo zai iya kaiwa Unguja. Tsibirin ba shi da babban gulbi, gabashinsa kuma dutsen murjani ne mai ramuka kamar soso, wanda ruwan sama ke shigewa cikinsa nan take. Ruwan daɗin da ke ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne a kan ruwan gishirin teku, kamar yadda man gyaɗa ke zama a kan ruwa, domin ruwan teku ya fi shi nauyi da kimanin kashi 1 cikin 40. Daga wannan ɗan bambanci masana suka fitar da wata ƙa'ida: duk mita 1 na ruwan daɗi da ya ɗara bisan teku tsawo, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Juya lissafin ka ga haɗarin. Idan inji ya zuƙe ruwan rijiya har ya sauka da mita 1, ruwan gishiri zai iya tasowa da kusan mita 40. Rijiyar da gishiri ya shiga kuwa takan ɗauki shekaru kafin ta gyaru, wata ma ba ta gyaruwa. A irin wannan wuri rijiyoyi marasa zurfi da yawa, waɗanda ake ja a hankali, sun fi guda ɗaya mai zurfi da babban inji, tara ruwan rufin kwano a tanki kuma ya fi kowanne.

Malamai za su iya gwada wannan a aji. A narka gishiri sosai a rabin kofin gilashi na ruwa, a sa wa wani ruwan daɗi ɗan shuɗi, a tsiyaya shi a hankali ta bayan cokali. Shuɗin zai tsaya a sama. Sai a sa tsinken shan lemo a tsakiyar shuɗin a riƙa zuƙewa da sirinji, a ga yadda na ƙasa ke tasowa.

A cikin aji

A sakandaren Zanzibar da Turanci ake koyar da kimiyya, amma yaro da Swahili yake tunani, da shi yake wasa, da shi yake mafarki. Ɗan sa-kai daga kudancin duniya ko arewacinta zai iya ɗaukar shirun ɗalibai a matsayin rashin ƙoƙari. Wanda ya koyar a Rabah ko Wurno ya san wannan shiru, domin shi ma ya sha tsayawa gaban allo yana bayani da Turanci, idanu na kallonsa, sai da ya juya zuwa Hausa fuskoki suka saki. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar da malaminmu yake da ita a kan baƙon da ya zo daga Turai, muddin ya yi haƙurin koyon harshen a watanninsa na farko, bai jingina da cewa shekara biyu kamar gobe ce ba.

Tsargiya a nan, kichocho a can

Akwai abu ɗaya da zai tarar bai sauya ba ko kaɗan, shi ne yaro mai fitsarin jini. Cutar da muke kira tsargiya su suna ce mata kichocho, kuma tsutsa iri ɗaya ke haddasa ta a Pemba da kwarin Rima. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, sannan Robert Leiper ya bayyana zagayen rayuwarta a Masar a 1915.

Ga yadda abin yake. Tsutsar, wadda tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, tana zaune mace da namiji a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan ƙaya a gindinsa. Waɗansu sukan huda bangon mafitsara su fita da fitsari, abin da ke kawo jinin ke nan. Waɗansu kuma su maƙale a jiki, kuma su ne ke yin ɓarnar da ba a gani: ƙarancin jini, kasala a aji, toshewar hanyar fitsari, lalacewar ƙoda, raunuka a al'aurar mata, wani lokaci har da ciwon dajin mafitsara bayan shekaru. Idan mai cutar ya yi fitsari a tafki ko hanyar ban-ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito dole ya sami wata irin ƙaramar katantanwar ruwa mai suna Bulinus cikin 'yan awoyi, in ba haka ba ya mutu. A cikin katantanwa yake hayayyafa, bayan mako huɗu zuwa shida dubbai su riƙa fitowa, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Ruwan teku ba ya ɗauke da su, kuma ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ya kuɓuta, domin ba sa rayuwa fiye da haka in ba su sami mutum ba.

Katantanwar tana son ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin wanda madatsu da hanyoyin ban-ruwa ke samarwa. An ga cutar ta ƙaru a Ghana bayan madatsar Akosombo ta 1965, haka ma a Senegal bayan ta Diama ta 1986. Nijeriya ce ake lissafawa a kan gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita, kuma binciken malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya sha tabbatar da ita a tsakanin yaran ƙauyukan bakin Rima. Abin takaici shi ne a wurare da yawa, a nan da can, ana ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji.

A wannan fage Zanzibar ce malama, mu ne ɗalibai. Tun 1986 aka fara babban shirin yaƙi da cutar a makarantun Pemba, inda wani likita ɗan Italiya, Lorenzo Savioli, ya yi aiki da ma'aikatar lafiyar tsibiran. Daga 2012 zuwa 2017 kuma aka gudanar da wani gwaji a gundumomi 90, 45 a kowane tsibiri. An riƙa ba jama'a maganin praziquantel sau biyu a shekara a ko'ina. A kashi ɗaya cikin uku na gundumomin aka ƙara da fesa maganin kashe katantanwa, a wani kashin kuma aka ƙara da aikin sauya ɗabi'a: gina wuraren fitsari da dakalin wanki kusa da famfo, shirya wa yara wasannin da ba na ruwa ba, da shigar da malaman makarantun boko da na allo cikin wayar da kai. A ƙarshe yawan masu cutar a tsakanin yara 'yan shekara 9 zuwa 12 ya sauka daga kashi 6.1 zuwa kashi 1.7 cikin 100. Duk da haka ba a kawar da ita ba. Waɗansu ƙauyuka sun ci gaba da zama matattararta, domin maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana yaro sake ɗauka gobe idan tafkin nan shi ne wurin wankansa tilo.

Akwai kuma wata dabara mai arha da ta fito daga babban yankin Tanzaniya. A ƙarshen shekarun 1980, Christian Lengeler da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Ifakara suka aika wa makarantun firamare na gundumar Kilombero takardar tambayoyi ta hannun ofishin ilimi. Malami ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowanne ko ya yi fama da tari, ko ciwon kai, ko ƙaiƙayi, ko fitsarin jini a 'yan makonnin da suka wuce. An cusa tambayar jinin a tsakiyar sauran ne don kada yaro ya gane abin da ake nema ya amsa don ya faranta wa malam. Da aka gwada fitsarin yaran daga baya, sai aka tarar makarantun da amsar "e" ta yi yawa su ne masu cutar da gaske, kuma an gano su cikin 'yan makonni da kuɗi kaɗan. An buga sakamakon a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa aka jarraba hanyar a wasu ƙasashen Afirka ta yi aiki.

Babu abin da wannan ke bukata wanda makarantar Goronyo ko Wurno ba ta da shi: rajista, alƙalami, da malamin da yara suka yarda da shi. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya za ta iya ƙarawa da zana taswirar wuraren da yaran kowace unguwa ke wanka da wanki da kamun kifi, amma kada kowa ya taɓa ruwan ko katantanwa da hannu tsirara. Sakamakon a kai shi sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin bayar da magani aikin ma'aikatan lafiya ne. Su ke da sandar awon tsawo, wadda ke farawa daga santimita 94, da ake ƙayyade yawan ƙwayoyi da ita, kuma ba a ba yaro maganin sai ya ci abinci. Binciken Tanzaniya da na wasu wurare ya nuna 'yan mata, musamman waɗanda suka fara girma, sukan ɓoye amsar saboda kunya, adadinsu ya fito ƙasa da gaskiya. Don haka tambayarsu malama ce za ta yi ta, a keɓe, ba a gaban aji ba.